Ƙoton buroshe daga Faransa: zai yi aiki a ciyawar kogin Isa?

Ɗan Gamkalle:

Assalamu alaikum ƴan uwa masu fatsa. Akwai akwatin ƙoton ƙarya a hannuna, tsarabar Faransa, kuma a jikin kwalayen duk hoton kifin nan ne mai dogon baki kamar na agwagwa, wanda suke kira buroshe. Abin da ke ciki: cokali biyu, wato ƙoton ƙarfe mai siffar cokali, masu giram 18, masu juyawa na Mepps lamba 3 da lamba 4, kifin katako na Rapala mai santimita 11, kifin roba mai laushi guda shida masu santimita 12, sai kwaɗon roba ɗaya. Sandar mita 2,40 ce, an rubuta giram 10 zuwa 40 a jikinta. Muline, wato na'urar naɗe zare, lamba 3000, zaren nailan mai kaurin milimita 0,30.

Wurin da nake so in yi amfani da su ruwan gefe ne a ƙasan Saga, nan Yamai, zurfinsa daga gwiwa zuwa ƙugu, cike da burgu da bado da ciyawar nan mai fure shuɗi da ke yawo bisa ruwa, jasant. Matsala biyu ce. Ta farko, cikin jifa goma, tara ƙugiya na dawowa da ciyawa. Ta biyu, cokali ɗaya ya riga ya tafi: an fizga sau ɗaya, zare ya dawo a yanke sumul kamar da reza. Shin kayan nan sun dace da ruwanmu kuwa, ko sai an canza wani abu?

Baba Na Gudel:

Wa alaikumus salam ɗana. Fara cire buroshe daga ranka, babu shi a kogin Isa. Kifin ruwan sanyi ne, na Turai da Rasha da Kanada da arewacin Amurka, yana zuba ƙwai da zarar ƙanƙara ta narke, ruwanmu na watan Afrilu zai kashe shi. Amma halinsa shi ne abin dubawa: yana laɓewa cikin ciyawa bai motsi, ƙaramin kifi ya gifta, ya fito kamar kibiya. Masu wannan hali muna da su. Zagundumi shi ya fi kama da shi har a siffa, sai dai ƙarami ne, kuma ba kullum ake gamuwa da shi ba. Tufi yana kwance can cikin duhun ciyawa. Ƙananan giwan ruwa, masu kilo ɗaya zuwa uku, suna bin bakin burgu. Tsage kuma yana sintiri inda ruwan gefe ya haɗu da mai gudu, kuma shi ne ya tafi da cokalinka. Yankan haƙori sumul yake fitowa. Da dutse ne ko kututture ya ci zaren, za ka ga ya yi kaushi kafin wurin da ya tsinke. Da ƙulli ne ya kwance, za ka ga bakin zaren ya nannaɗe kamar wutsiyar alade.

Sanda da muline lafiya lau. Zaren ne bai yi ba. Nailan yana miƙewa kamar roba, ka fizga daga nesa ƙarfin bai isa bakin kifi, kuma bai yanka ciyawa. Sa zaren kitso, wanda masu shago ke ce wa tires, kaurin 0,20 ko 0,22, mita 130 zuwa 150. Kada ka ɗaure shi kai tsaye a kan gangar muline, santsi gare shi, duk naɗin zai riƙa juyawa gaba ɗaya ka ɗauka birkin muline ne, mai riƙe zare in kifi ya ja, ya lalace. Bar mita 20 na tsohon nailan ɗinka a ƙasa, ka haɗa su, sannan ka naɗa kitson da ƙarfi, kana matse shi da jiƙaƙƙen tsumma. Tsaya saura milimita 2 ganga ta cika. In ta cika maƙil, zare zai zubo dunƙule guda a jifa ta uku.

A bakin zaren sa waya: wayar ƙarfe mai silli bakwai, tsawon santimita 25 zuwa 30, mai ɗaukar kilo 12 zuwa 15. Majuyi, wato ɗan ƙarfe mai juyawa da ke hana zare murɗewa, a sama, maƙalli a ƙasa don canza ƙoto. Majuyin baƙi ya kamata ya zama, ba mai ƙyalli ba, don tsage yakan kai wa mai ƙyallin cizo ya yanke zaren a samansa. Duk wayar da ta lanƙwashe ta yi gwiwa, jefar da ita, a wannan gwiwar za ta karye.

Yanzu ciyawa. Ƙugiya mai baki uku an yi ta ne don buɗaɗɗen ruwa, a cikin burgu manjagara ce kawai. Rapala da Mepps ajiye su don bakin ciyawa. Abin shiga ciki shi ne kifin robar nan, in an ɗaura shi a ƙugiyar Teksas, wato ƙugiya guda mai faɗin ciki, mai ƴar gwiwa kusa da idonta. Roba mai santimita 12 tana son lamba 4/0 ko 5/0. Ga yadda ake sawa. Soka tsinin a tsakiyar hancin robar, ya shiga kamar milimita 6, ka fito da shi ta haɓa. Ja robar ta bi jikin ƙugiya har ta hau gwiwar nan, ka juya ƙugiyar tsininta ya kalli cikin robar. Kafin ka sake sokawa, jera ƙugiyar a gefen robar ka ga daidai inda lanƙwasarta ta faɗo, ka riƙe wurin da babban yatsa. Nan za ka soka daga ciki ya fito ta gadon baya. Tsinin ya kwanta a kan bayan, sai ka ɗan ja fatar robar gaba ka ɓoye kan tsinin a ƙarƙashinta, milimita ɗaya ko biyu, ba fiye ba. Ɗaga ta ka duba: in ta miƙe sak, ta yi. In ta yi doro kamar ayaba, za ta riƙa juyawa a ruwa tana murɗe maka zare, kuma babu kifin da zai kula ta. Cire ka sake.

Nauyi kaɗan: giram 3, iyaka 5. A ruwan da bai wuce ƙugu ba, darma mai giram 10 za ta nutsar da robar cikin laka kafin ka kama hannun muline.

Ba'adare:

Baba, a gafarce ni, wajen waya ina da ja. Mu nan wajen Tawa tabki muka da shi, ba gulbi ba. Tabalak kifin da anka zuba mata su ne irin su karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa, kuma giwan ruwa ba shi da haƙoran yanka, bakinshi kamar sanfefa ne, gogewa yaka yi. Abin da ka yanke zare gare shi murfin kunnenshi ne, kaifi gare shi kamar wuƙa, in ya juya kai zaren ya bi ta nan shi ke nan. Don wannan, fuloro, wani zare garau mai kama da nailan, ko nailan mai kauri 0,60 zuwa 0,80, tsawon santimita 60, ya fi waya. Bai hana roba rawa, kuma in ruwa ya kwanta ya yi garau ba a ganinshi sosai. Can Turai ma masu buroshe da yawa fuloro 0,80 ko 0,90 suka sawa.

Abu na biyu, wanga yaro ya sani ciyawa ba iri ɗaya ba ce. Bado ganye ne bisa, ƙasa kuwa fili ne da ƴan igiyoyi, ƙoto na wucewa tsakaninsu. Burgu kara ne, in ka ja ƙoto ta tsawon yadda ruwa ya kwantar da shi sai ya zame, in ka gicciye shi sai ya riƙe. Jasant kuwa tabarma ce mai saiwa na reto, ba a ratsa ta, gefenta aka bi, musamman gefen inuwa. Mu namu abin fama kututturan bagaruwa ne da ruwa ya ci. Nan kam mai hannu biyu ya fi komi, wanda Turawa ka ce ma sifinabet: waya ce an lanƙwasa kamar bakin almakashi a buɗe, hannun sama da faranti ɗaya ko biyu masu juyawa, hannun ƙasa da darma da ƙugiya guda mai kallon sama, an rufe ta da gezar roba. Hannun sama shi ka bugun itace ya kare ƙugiyar. Giram 10 zuwa 14 ya isa. Babu shi cikin akwatinka, amma in za a ƙara maka tsaraba, shi za ka roƙa, da cokalin nan na Johnson mai ƴar waya gaban ƙugiya.

Baba Na Gudel:

Malam Ba'adare, a tabkinku maganarka dutse. Amma yaron nan a Saga yake, kuma an riga an yanke masa zare. Fuloro 0,80 yana jure buroshe wani lokaci, tsage kuwa haƙoransa shiga juna suke kamar almakashi. Inda tsage ke yawo, waya. In ya shiga can cikin ciyawa da kwaɗo neman tufi, ya cire ta in ya ga dama.

Ɗan Gamkalle:

Na gode Baba, na gode Malam. To cokalin da ya rage da Mepps ɗin fa, ba su da amfani ke nan? Kuma kwaɗon, yaya ake jansa? Ƙugiyoyinsa biyu a manne suke da jikinsa, ban ga yadda za su kama kifi ba.

Injiniya Harobanda:

Ƙanena, suna da amfani, gyara kaɗan suke so. Cire mai baki ukun daga cokalin ta zoben nan mai tsaga, ka sa ƙugiya guda mai babban ido, lamba 2/0 ko 3/0. Riba biyu ce. Ciyawar da take kwasa ta ragu ƙwarai, kuma ta fi kama tsage. Bakin tsage ƙashi ne, in ka fizga da mai baki uku ƙarfin yana rabuwa uku, babu wanda ya shiga da kyau, ya yi tsalle ɗaya ya girgiza kai ya watso maka cokalinka. Tsini guda mai kaifi yana samun wuri ya nutse. Gwada kaifin a kan farcen babban yatsa: in ya zame bai kama ba, a wasa shi. Mepps ɗin kuma sai an yanke tsohuwar ƙugiyar da filaya a sa zobe, in ba ka da zoben bar shi yadda yake ka riƙa bin bakin ciyawa da shi. Kada ka ja shi babu majuyi, murɗe zare aikinsa ne.

Yawancin ciyawar da kake kwasa ma ba a ja take hawa ba, a faɗuwa ne. Cokali mai giram 18 yana kai ƙasan ruwa mai santimita 70 cikin daƙiƙa biyu ko uku. Kai kuma ka jefa, ka tsaya kallo, ka rufe muline, ka gyara tsayuwa, ai ya riga ya kwanta cikin ciyawa. Yi haka: yana gab da taɓa ruwa ka tare zaren da yatsa, ka rufe marfin muline da hannu, ka fara naɗi nan take, kan sanda a sama kamar hannun agogo a ƙarfe goma sha ɗaya. Tarewar nan tana miƙar da waya da ƙoto su faɗi a jere, ƙugiya ba ta harɗe wayar ba. In ka ji nauyin ciyawa, fizga sandar sau ɗaya gajere da ƙarfi, kitso zai yanke ta, kuma sau da yawa a daidai wannan fizgar kifi ke kawo hari. In ba ta fita ba, naɗo ka cire. Ƙoto mai jan ko silin ciyawa ɗaya ba a cinsa.

Kada ka jefa tsakiyar ciyawa don kawai ciyawa ce. Nemi inda wani abu ya canza: ramin fili a tsakiyar bado, hanyar da jiragen masunta suka buɗe cikin burgu, ƙusurwar da ciyawa ta shigo cikin kogi, bakin magudanar da ke fitowa daga gonakin shinkafa. Jefa ka wuce wurin da mita biyu, ka jawo ƙoton ya ratsa shi. In roba ce, tana isa ramin ka dakata daƙiƙa biyu ta nutse da kanta. Fara da kusa da kai kafin nesa, in ba haka ba kifin da ka jawo daga nesa zai kori na kusa. Jifa biyar ko shida a wuri, babu motsi, matsa gaba.

Kwaɗo kuwa, jikinsa fanko ne. Kifi ya danne shi sai ya lotsa, ƙugiyoyin su fito. Matsa shi da yatsa biyu ka gani. In robar ta yi tauri, tsoma shi a ruwan zafi na rabin minti ya yi laushi. Ɗauki filaya ka buɗe kowace ƙugiya waje da sama kamar milimita ɗaya, ka rage gezar ƙafafun da almakashi ta koma santimita 4 ko 5, don kifi ya daina kama geza ya bar jiki. Jefa shi bisa ganyen bado, ka riƙa jansa da kan sanda taku-taku, santimita goma goma, ya hau ganye, ya faɗo ruwa, ya tsaya. Tsayuwar ita ce aikin, ƙirga uku, wani lokaci har biyar. Bayan jifa huɗu ko biyar matse shi ruwan da ya shiga ya fita, in ba haka ba nutsewa zai fara.

Inda kowa ke faɗuwa: ruwa ya fashe fal a kan kwaɗo, hannu ya fizga da kansa, kwaɗo ya taso ya wuce kunnenka. Fashewar ba kamu ba ce, sau da yawa kifin bai ma same shi ba ta cikin ganye. Sauke kan sanda, naɗe sakin zaren, sai ka ji nauyi a hannunka, sannan ka fizga sama da ƙarfi. In bai ɗauka ba, bar kwaɗon a wurin ka ɗan motsa shi, tufi yakan dawo. Da ya kamu kuma babu wasa: birki a ɗaure, kansa a sama, jawo shi bisa ganye. Ka ba shi mita ɗaya ya naɗe zaren a karan burgu, sai dai ka shiga da hannu. Gaskiya sandarka mai giram 40 ta ɗan yi laushi ga wannan aiki, don haka tsaya a bado da gefen ciyawa, bar tsakiyar tabarmar.

Wannan ɗaurin birki na cikin ciyawa ne kawai. In ka koma bakin ruwa mai gudu neman tsage ko giwan ruwa, sassauta shi yadda zare zai fita in ka ja da hannu da ɗan ƙarfi, kamar nauyin kilo ɗaya da rabi zuwa biyu. Cika buta da ruwa lita biyu ka rataya a zaren ka gwada. Kitso bai miƙewa, in birki ya ƙi saki ƙugiya ce za ta buɗe ko bakin kifin ya yage.

Malama Ta Kollo:

Bari in ƙara abin da ya shafi ruwan kansa, don kaya na iya yin daidai lokaci ya ɓata su. Kogin nan cika biyu yake yi a Yamai. Ta damina, wajen Agusta da Satumba, ruwan ja ne saboda laka daga koramu irin su Sirba. A wannan ruwa kifi bai ganin ƙoto sai ya zo bakinsa, jijjiga yake ji da layin da ke gefen jikinsa. Sai mai faranti mai faɗi, launin zinariya ko baƙi, a ja a hankali, kuma kada a sa rai da yawa. Cika ta biyu ita ce mai zuwa daga Gine ta ratsa Mali, tana kai ƙololuwarta wajen Disamba da Janairu. Ruwan ya fi tsabta, ya shiga burgu, ƙananan kifi sun bazu ciki. Daga nan har ruwa ya fara ja baya a Fabrairu da Maris, lokacin ƙoton ƙarya ke nan: launin azurfa, fari, ko mai kama da ɗan karfasa.

Ana cewa asuba ta fi, amma a duba. Da dare ciyawa ba ta ba ruwa iska, sha take yi, don haka da asuba tsakiyar ciyawa mai kauri ita ce mafi ƙarancin iskar shaƙa, musamman da bazara. Tufi da tarwaɗa ba ruwansu, suna hawa sama su shaƙa. Giwan ruwa da tsage kuwa ba sa jure haka, suna fita baki inda ruwa ke motsi. To da asuba a bi gefe, a bar cikin ciyawa sai rana ta ɗaga. Da hunturu kuma ruwan gefe yana kwana da sanyi, kifi bai da kuzari da safe, daga la'asar zuwa magariba ya fi.

Sannan ɗan uwa, ruwan da ka kwatanta, marar zurfi mai ciyawa, nan ne gidan dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya. Kada ka shiga da ƙafa tsirara kana tsaye awa biyu. Ko daga gaɓa, ko cikin jirgi, ko takalmin roba mai tsawo. Tambayi Sarkawan wurin inda suka shimfiɗa kalli da mamari kafin ka jefa, kuma su ne za su gaya maka in dorina na kusa. Maganar takardar izinin kamun kifi kuma, ma'aikatan gandun daji ake gani.

Ba'adare:

Malama ta gama magana. Saura zafi da ƙura, wanda masu kayan can Faransa ba su yi lissafi da shi ba. Kifin roba in anka bar shi cikin akwati bisa babur da rana, narkewa yaka yi ya manne da ɗan uwanshi. Ko inuwa ma, kada a haɗa roba iri biyu wuri guda, wata na cin wata, kuma launi na zuba. Kowace ta zauna cikin ledarta ta asali. Wadda ta lanƙwashe wutsiya, a tsoma ta ruwan zafi daƙiƙa ashirin, a rataye ta kai sama ta huce. Guda shida gare ka kuma tsage na gutsure wutsiya da cizo ɗaya, don haka kada ka jefa su inda yake, ba shi ƙarfe. Wadda hancinta ya yage, yanke rabin santimita ka sake sokawa.

Muline kuwa a sa shi cikin tsohuwar safa in ana tafiya. Ƙurar hunturu in ta shiga ƴar tayar da zare ka bi ta kai, sai ta daina juyawa, zare ya dinga murɗewa yana cin kanshi. Ɗigo ɗaya na man keken ɗinki duk bayan fita uku ya isa.

Baba Na Gudel:

Abu ɗaya ba a faɗa ba: filaya mai dogon baki, santimita 20 ko fiye, a rataye a wuya ko a ƙugu, ba a cikin jaka ba. Tsage da zagundumi ba a sa musu yatsa a baki ko sun daina motsi. Giwan ruwa ana riƙe shi ta leɓen ƙasa, a kiyayi murfin kunne da ƙayar baya. Rapalar nan kuma, kafin ka jefa ta ko sau ɗaya, danne ƴan kunnuwan ƙugiyoyinta da filayar su kwanta. Kifi na birgima a hannu da baki shida ko tara a waje, ɗaya zai samu yatsa, kuma mai kunne ba ta fita ta inda ta shiga.